Yadda sabar fayil ta wani shagon buga takardu a Samaru ta koyi cinikin kari da sabbin kwamfutoci

## Wurin da kayan aikinsa

Shagon buga takardu ne a Samaru, Zariya, irin waɗanda cinikinsu ke tafiya da zangon karatun Jami'ar Ahmadu Bello: a buga, a yi fotokwafi, a ɗaure furojet. Kwamfutoci tara ne a ciki, da babban injin fotokwafi guda mai sikana, da wata ƙaramar na'ura mai Linux a ƙarƙashin kanta, wadda ita ce sabar fayil, wato inda sauran kwamfutocin ke ajiye fayil suna ɗauka. Manhajar da ke kanta ba ta kasuwa ba ce. An rubuta ta da C shekarun baya domin biyan buƙata ɗaya ta Alhaji mai shagon: duk fayil ɗin da ya faɗo cikin foldar kwastoma, ta ƙirga shafukansa ta shigar da kuɗinsa cikin lissafin ranar.

Sabar tana magana da SMB, ƙa'idar da Windows ke raba fayil da ita ta ƙofar TCP mai lamba 445. Barry Feigenbaum ne ya fara tsara ta a IBM a 1983, kuma tun lokacin ta yi ta sauya kama. Takardun ƙa'idar suna kiran kowane bugu nata da sunan kari, kamar yadda muke da Zazzaganci da Kananci da Sakkwatanci a cikin Hausa ɗaya. Kafin a buɗe fayil ko guda, kwamfutar da ta zo sai ta jero kare-karen da ta iya, sabar ta zaɓi ɗaya. Wannan musayar ita ake nufi da cinikin kari a nan.

Sabar shagon kari ɗaya ta sani: NT LM 0.12, na ƙarshe a dangin SMB1. Dangin SMB2 ya zo da Windows Vista, kuma lambobi yake amfani da su maimakon sunaye: 0x0202, sai 0x0210 na Windows 7, 0x0300 na Windows 8, 0x0302 na 8.1, da 0x0311 na Windows 10 zuwa sama.

## Makon farko: sabbin kwamfutoci sun ƙi shiga

An sauya kwamfutoci huɗu ana gab da rububin furojet na 'yan ajin ƙarshe. Duk huɗun suka ƙi buɗe foldar sabar. Windows ta ce wurin ba shi da tsaro domin yana buƙatar tsohuwar SMB1. Biyun da ke kan Windows 7 suka ci gaba da aikinsu, sikana ma haka.

Dalilin sananne ne. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a duniya ta wata kafa da ke cikin SMB1, kafar da Microsoft ta toshe a watan Maris na shekarar da gyaran MS17-010. Daga bugun 1709 na Windows 10 aka fara janye SMB1 daga abin da ke zuwa a kunne. Samba ma, manhajar kyauta da ke ba Linux damar raba fayil da SMB, daga bugun 4.11 na 2019, ta daina karɓarta sai an nema.

Abu biyu aka gwada a makon. Na farko shi ne kunna SMB1 da hannu a kan sabbin kwamfutocin. Ya yi aiki nan take, aka kuma janye shi bayan kwana uku: filashin ɗalibai ba adadi ke shiga waɗannan kwamfutoci kullum, kuma ba zai yiwu a ce wa kowane kwastoma mai laftof ya buɗe tsohuwar kafa kafin ya aika takardarsa ba. Na biyu shi ne ɗora Samba a madadin manhajar gida. Cinikin kari ya tafi daidai, amma lissafin shafuka ya tsaya, mai karɓar kuɗi ta koma ƙirga da hannu, layi ya kai bakin titi. Aka mayar da tsohuwar manhaja, aka yanke shawarar koya mata SMB2. Samba ɗin kuwa aka bar ta a kan wata laftof a matsayin ma'auni, domin a riƙa kama fakitinta, wato saƙonnin da take musaya, da manhajar Wireshark ana gwada su da na sabar gida, bayit da bayit.

## Mako na biyu: Linux ta shiga, Windows ta tsaya

Rubuta umarnan buɗewa da karantawa da rubutawa na SMB2 aiki ne mai tsawo amma miƙaƙƙe, ba shi ne ya ba da wahala ba. Ga ciniki kuwa, mai gyaran manhajar ya bi hanyar da ta fi sauƙi. Kowane saƙo yana zuwa da bayit 4 na tsawo a gabansa, sannan alamar ƙa'ida. Idan alamar ta fara da 0xFF, saƙon SMB1 ne mai kai na bayit 32, a tura shi tsohuwar hanya. Idan ta fara da 0xFE, na SMB2 ne mai kai na bayit 64, a tura shi sabuwa.

Daga laftof mai Linux, da aka haɗa foldar da zaɓin vers=2.1, komai ya buɗe. Windows 10 ta maimaita ƙorafinta na makon jiya, harafi da harafi.

Wireshark ya nuna abin da ya faru. Linux kai tsaye take aiko da NEGOTIATE na SMB2, wato saƙon buɗe ciniki. Windows kuwa, idan ba ta san sabar ba, da tsohon salo take sallama: saƙon SMB1 mai umarni 0x72, ɗauke da jerin sunaye, kowanne da bayit 0x02 a gabansa da sifiri a bayansa. A cikin jerin akwai NT LM 0.12, sannan akwai wasu biyu da tsohuwar hanya ba ta taɓa dubawa ba: "SMB 2.002" da "SMB 2.???". Sabar ta ga sunan da ta sani, ta zaɓe shi, Windows ta ga an mayar da ita SMB1, ta yanke.

Ashe ƙofar shiga SMB2 biyu ce, guda kuma ta cikin SMB1 take bi.

## Mako na uku: amsar 0x02FF da abin da ya biyo bayanta

Ƙa'idar ta fayyace abin da saba za ta yi da irin wannan sallama. Idan "SMB 2.???" na cikin jerin kuma sabar ta iya 2.1 ko sama, za ta amsa da saƙon SMB2, ta sa 0x02FF a gurbin DialectRevision. Wannan lamba ba kari ba ce. Ma'anarta: na ji, sake tayawa da sabon salo. Daga nan kwamfutar za ta aiko da NEGOTIATE na SMB2 mai jerin lambobi. Idan kuwa "SMB 2.002" kaɗai ke akwai, sabar za ta amsa da 0x0202, ciniki ya faɗa ke nan, babu zagaye na biyu.

An rubuta haka, aka ci karo da kurakurai biyu a jere.

Na farko: Windows ta karɓi amsar ta yi shiru. A SMB2 kwamfuta ba ta aika saƙo sai da tikitin da sabar ta ba ta, kuma gurbin tikiti na kan amsar an bar shi sifiri, domin saƙon SMB1 ba shi da gurbin neman tikiti da za a kwafa. Aka sa 1. Amsar tana ɗauke da MessageId 0, saƙon da ke biye kuma zai zo da 1, don haka aka gyara lissafin lambobin da sabar ke jira.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Saƙo na biyu ya iso, sabar da kanta ta datse layin ba tare da amsa ba. Mai gyaran ya bi wata doka ta gaskiya: idan an riga an tsayar da kari a kan haɗi, NEGOTIATE na biyu laifi ne, a yanke. Sai dai manhajar tana riƙe da alama mai fuska biyu kacal, an yi ciniki ko ba a yi ba, ta kuma ɗauki 0x02FF a matsayin an yi. Aka mayar da alamar mai matsayi uku: ba a fara ba, ana jiran zagaye na biyu, an tsayar. A matsayi na biyu NEGOTIATE na SMB2 kaɗai ake karɓa.

Zaɓen kari shi kansa gajere ne. Jikin buƙatar yana da StructureSize 36, sai DialectCount, jerin kuma yana farawa bayan waɗannan bayit 36 ɗin, kowace lamba bayit 2, ƙaramin bayit a gaba. Tsawon da ke gaban saƙo kuwa babban bayit ne a gaba, wurin da hannu ke saurin zamewa. Sabar ta ɗauki mafi girman karin da su biyun suka iya, ba na farko a jeri ba. Idan DialectCount sifiri ne, amsa ita ce 0xC000000D. Idan babu wanda suka haɗu a kai, 0xC00000BB. Aka kuma ƙara duba cewa adadin da aka faɗa bai zarce tsawon saƙon da ya iso ba, don kada wani ya ce yana da kari dubu ya sa sabar karanta abin da ba nata ba.

A ranar Alhamis duk kwamfutocin suka shiga da 2.1. Da yammacin Juma'a aka kawo wani kundin digiri da aka yi wa sikanin, fayil ɗin PDF mai nauyi, kwafinsa ya tsaya a tsakiya, haɗin ya mutu. Ƙananan takardun Word ba su taɓa nuna matsalar ba.

Laifin yana cikin amsar ciniki. Don saurin aiki an kwafi gurabenta daga fakitin Samba, har da MaxReadSize da MaxWriteSize na 8388608, wato megabayit 8, da tutar 0x04 mai cewa sabar na karɓar manyan saƙonni. Ma'ajin karɓa na manhajar gida kuwa bai wuce ɗaukar bayit 65536 na bayanai ba. Windows ta gaskata abin da aka faɗa mata ta aiko da babban yanki. Aka saukar da lambobin zuwa 65536, aka cire 0x04, aka cire 0x01 da 0x02 su ma, domin tutocin DFS ne da hayar fayil, ayyuka biyu da babu su a cikin manhajar. Daga baya, da aka faɗaɗa ma'ajin zuwa megabayit 1, aka dawo da 0x04 tare da lissafinta: kowane bayit 65536 tikiti ɗaya ne, don haka rubutun megabayit 1 yana cin 16, kuma dole sabar ta riƙa ba da isassu.

## Mako na huɗu: folda ta buɗe ta rufe

Da 2.1 shagon ya koma aiki. Abin da ya sa aka ci gaba shi ne Wi-Fi. Kwastomomi suna aiko da takardu ta iska, a ciki har da sakamakon jarrabawa da takardun asibiti, kuma kulle bayanai a kan hanya sai daga SMB 3.0 ya fara.

Aka ƙara 0x0300 da 0x0302 cikin jerin sabar, aka sauya sa hannu, wato shaidar da ke nuna ba a taɓa saƙo a hanya ba, daga HMAC-SHA256 na dangin 2 zuwa AES-128-CMAC na dangin 3. Sai ga sabon hali: kalmar sirri ta karɓu, folda ta haɗu, nan take haɗin ya yanke.

A kari 3.0 da 3.0.2, bayan an haɗa folda, kwamfutar takan aiko da wani umarni na musamman, IOCTL mai lamba 0x00140204, don tabbatar da cewa babu wanda ya taɓa cinikin a hanya. Cinikin farko a fili ake yin sa, ba sa hannu, saboda haka wani da ke tsakani zai iya goge manyan kare-kare daga jeri ya tilasta ƙarami. Yanzu da akwai mabuɗi, sai a maimaita maganar da sa hannu. Kwamfutar ta sake faɗin tutocinta da GUID ɗinta, wato lambar da ke bambanta ta da sauran na'urori, da yanayin tsaronta da jerin kare-karenta. Sabar ta gwada su da abin da ta ji tun farko, ta amsa da bayit 24: tutocinta, GUID ɗinta, yanayin tsaronta, da karin da aka zaɓa. Bambancin bayit ɗaya ya isa a yanke.

Matsala biyu aka samu. Sabar ba ta ajiye abin da kwamfutar ta faɗa a ciniki ba, ta zaɓi kari ta zubar da sauran, don haka ba ta da abin gwadawa. Aka ƙara wa bayanan kowane haɗi gurabe huɗu. Ɗayar kuma ta ci kwana biyu ana nema: aikin da ke cika ServerGuid yana ƙirƙiro sabuwar lamba duk lokacin da aka kira shi, ta yadda GUID ɗin amsar ciniki daban, na amsar tabbatarwa daban. A ido duka biyun tarin lambobi ne marasa ma'ana, sai da aka jera fakitin biyu gefe da gefe aka gani. Yanzu sau ɗaya ake ƙirƙirar ta, a rubuta a faifai, ko an ɗauke wuta na'urar ta sake tashi ita ɗin ce dai.

## Mako na biyar: 3.1.1

A nan ciniki ya ƙara kaya. Bayan jerin lambobi akwai wasu ƙunshe-ƙunshe, kowanne da kai na bayit 8: nau'i, tsawon bayanai, da bayit 4 da ba a amfani da su. Nau'i 0x0001 wajibi ne, shi ke tsayar da SHA-512, lissafin da ake fitar da hatimi da shi, da gishirin da ke tare da shi, wato tarin bayit na kacici-kacici marasa tsari. Nau'i 0x0002 na zaɓen makulli ne, inda 0x0001 ke nufin AES-128-CCM, 0x0002 kuma AES-128-GCM, sabar ta mayar da guda ɗaya tak.

Kowane ƙunshi dole ya fara a wurin da 8 ke rabawa, ana ƙirgawa daga farkon kan SMB2. Jikin amsa bayit 64 ne tsayayyu, ko da yake StructureSize ɗinsa 65 ake rubutawa, don haka alamar tsaro ta SPNEGO tana farawa a 128. Inda ta ƙare sai a cike da sifiri zuwa takwas na gaba. Ƙunshin 0x0001 mai gishirin bayit 32 yana da bayanai 38, da kansa 46, saura 2 ya cika 48. An manta waɗannan bayit 2, Windows ta karanta ƙunshi na biyu a karkace ta yanke. A ɓangaren karantawa ma an yi tuntuɓe: sabbin bugun Windows suna aiko da nau'o'in da manhajar ba ta sani ba, irin su 0x0003 na matse bayanai, 0x0005 na sunan saba, da 0x0008 na zaɓen sa hannu, ita kuma tana mayar da kuskure. Ƙa'ida ta ce wanda ba a sani ba a tsallake shi. Aka tsallake, sa hannu ya zauna a kan AES-CMAC.

Kuskuren ƙarshe ya sake raba Linux da Windows. A 3.1.1 an daina amfani da IOCTL ɗin tabbatarwa. Maimakonsa kowane ɓangare yana riƙe da hatimi na bayit 64 da ke farawa da sifiri zalla. Duk saƙon da ya wuce, a haɗa tsohon hatimi da saƙon, daga kan SMB2 ba tare da bayit 4 na tsawo ba, a bi da su ta SHA-512, abin da ya fito ya zama sabon hatimi. Buƙatar ciniki da amsarta suna shiga, saƙonnin SESSION_SETUP na tantance mai shiga ma haka, ban da amsar ƙarshe mai cewa an yi nasara. Daga hatimin ake fitar da mabuɗan sa hannu da na kullewa. Idan hatiman biyu sun saɓa, mabuɗai sun saɓa, kwamfutar za ta ƙi sa hannun sabar ko da kalmar sirri daidai take.

Linux ta shiga lafiya, Windows ta faɗi a wannan mataki. Tun da bambancinsu ƙofar shiga ce, can aka duba. Manhajar tana zuba kowane saƙon ciniki cikin hatimi, har da sallamar SMB1 da amsar 0x02FF. Waɗannan biyun ba sa ciki. Hatimi yana farawa ne daga NEGOTIATE na SMB2 da aka zaɓi 0x0311 a kansa.

## Mako na shida: sikana

Injin fotokwafin SMB1 kaɗai ya iya, kuma kuɗin sabo ba ya kusa. Muddin sabar na karɓar NT LM 0.12 daga kowa, duk aikin makonni biyun baya yana da ɓaraka, domin IOCTL ɗin da hatimin ba su kare sallamar farko ba. Mai tsakani zai iya goge sunayen SMB 2 guda biyu daga jerin, kwamfutar da har yanzu ke da SMB1 a kunne ta faɗa tsohon kari ba tare da ta sani ba.

Aka saya wa na'urar adaftar USB mai ƙofar waya ta biyu, aka ja waya daga sikana zuwa gare ta kai tsaye. A wannan ƙofa kaɗai ake amsa NT LM 0.12, zuwa folda ɗaya da ake iya rubutawa ba a iya karantawa. A babbar ƙofa, saƙon SMB1 da ba shi da sunan SMB 2 yana samun DialectIndex 0xFFFF, wato albarka, ba a sallama ba. Kwamfutocin Windows 7 ba su rasa komai ba, tun mako na uku suke kan 2.1.

## Sakamako

Gwajin ƙarshe ya bi ta kowace ƙofa. Umarnin nmap, manhajar binciken ƙofofi, mai smb-protocols a kan 445 na babbar ƙofa ya jero kare-kare biyar na dangin 2 da 3, babu NT LM 0.12. Get-SmbConnection a kan Windows 10 da 11 ya nuna 3.1.1. Windows 7 ba ta da wannan umarni, Wireshark ne ya tabbatar da 0x0210. Daga Linux aka tilasta kowane kari ɗaya bayan ɗaya da zaɓin vers. Kundin PDF ɗin da ya karya kwafi a mako na uku ya wuce a kan duka biyar, lissafin shafuka kuma ya fito daidai.

## Hukunci

Cikin kurakuran da aka lissafa babu ko ɗaya a zaɓen kari kansa, wanda layuka kaɗan ne. Dukkansu a gefensa suke: matsayin haɗi bayan 0x02FF, abin da aka yi alkawari a amsa, da abin da ya kamata a riƙe don daga baya. Biyu daga cikinsu, girman saƙo da GUID, ba su bayyana a lokacin ciniki ba sam, sai bayan an shiga, shi ya sa neman su ya ci lokaci. Abin da ya gajarta neman a kowane karo shi ne fakitin Samba da ke gefe, da kuma gwadawa da Linux da Windows tare. Amma wannan ma'aunin ne ya jawo matsalar megabayit 8, lokacin da aka kwafe shi maimakon a gwada da shi.

Tsayawa a 2.1 a mako na uku zai wadatar da shagon da ba shi da Wi-Fi na kwastomomi. Shagon da ba shi da lissafin shafuka a cikin sabarsa kuwa bai da dalilin bin wannan hanya, Samba ta ishe shi, kuma ko a nan ana iya cewa rubuta ƙaramar manhaja mai sa ido a kan foldar Samba zai fi makonni shida arha. Wanda ya riƙe manhajar gida ya ɗauki nauyin bibiyar duk sauyin da Windows za ta yi nan gaba, kamar tilasta sa hannu da hana shigar baƙo marar kalmar sirri da bugun 24H2 na Windows 11 Pro ya zo da su. Sabar shagon ta tsallake wannan domin tana sa hannu kuma kowace kwamfuta da asusunta. Rubutun SMB1 kuwa yana nan cikin manhajar, yana sauraron waya ɗaya, har ranar da aka sauya injin fotokwafin.